Matsin hayaƙin da ke tashi tare da fanka: binciken wata motar dizal bayan gyaran wuta

Motar dizal ce mai silinda huɗu da inji lita biyu. Ta ci kusan kilomita 170,000, kuma duk tsawon wannan tafiya matatar hayaƙinta, wato DPF, ba ta taɓa tayar wa mai ita hankali ba. Sai batir ya tsage ta gefe, ruwansa ya riƙa ɗiga a kan damin wayoyin da ya bi ta ƙarƙashin mazauninsa, har ya cinye rigar wasu. Mai gyaran wuta ya sa sabon batir, ya yanke inda ya ruɓe ya yi jona, ya kankare tsatsar wurin ya shafa fenti, ya mayar da komai. Mota ta tashi, fitilu sun kama, fankar sanyaya inji tana juyawa, dashbod fes. Kowa ya watse yana ganin an gama.

Bayan 'yan makonni fitilar DPF ta kunnu. Mai motar ya hau babbar hanya ya ba ta totur kamar yadda littafin motar ya ce, fitila ta mutu. Ya dawo cikin gari, ba a jima ba ta sake kunnuwa. Shan mai ya ƙaru, fanka ta riƙa ruri ko bayan an kashe inji, ƙaurin zafi na tasowa daga ƙarƙashin mota kusan kullum. Garejin da ya fara kai ta sun tilasta ƙona kunkunniyar da ke cikin matatar da sikana, wato na'urar da ake jonawa da kwamfutar mota, sun canza sensar matsi da sabuwa, daga baya suka kwance matatar aka wanke ta. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka ce a farke matatar a zubar da cikinta, a gyara kwamfuta ta manta da ita. A wannan gaɓar motar ta iso hannuna.

Mai ita ya ba ni labari tiryan-tiryan, amma ko kusa bai ambaci batir ba. Sai da na tambaye shi: "Ranka ya daɗe, me aka taɓa a motar nan kafin fitilar ta fara?" Ya ce, "Malam, batir kawai aka canza, sai wasu 'yan wayoyi da aka jona. Me ya haɗa wannan da salansa?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ce dukan wannan bincike.

Yadda kwamfuta take sanin matata ta cika

DPF tulun yumɓu ne na musamman, ko dai kodiyarait ko silikon kabaid, mai dubban ƙananan ramuka a jere. An toshe kowane rami ta baki ɗaya, wannan ta gaba, na kusa da shi ta baya, don haka hayaƙi ba shi da mafita sai ya ratsa bangon yumɓun. Iska ta wuce, kunkunniya ta maƙale. Peugeot ce ta fara sa ta a ƙananan motoci da yawa a 2000, a ƙirar 607. Da ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009 ta sauko da iyakar ƙurar hayaƙi daga miligiram 25 a kowace kilomita zuwa miligiram 5, sai ya zama kusan babu motar dizal da za ta tsallake ba tare da ita ba.

Kunkunniyar da ta taru dole a ƙone ta, kuma ba ta ci da kyau sai zafi ya kai wajen digiri 600. A tuƙin gari hayaƙi ba ya kai haka, don haka kwamfuta takan fesa ƙarin dizal a ƙarshen bugun silinda, man ya fita da hayaƙi ya ci a kan katalis, wato tulun da ke gaban matata mai taimaka wa man ya ƙone, zafi ya tashi. Wannan ita ce ƙonawa, kuma tana da tsada: tana shan mai, tana gasa kayan salansa, wani ɓangaren dizal ɗin kuma yana gangarawa ta bangon silinda ya shiga baƙin mai. Shi ya sa kwamfuta ba ta son yin ta sai da dalili.

To, kwamfuta ba ta ganin cikin matata. Hanya biyu take bi ta ƙiyasta. Ta farko lissafi ne zalla: man da aka ƙona, iskar da ta shiga, zafin hayaƙi, nisan da aka yi tun ƙonawar baya, ta haɗa ta ce giram kaza ya kamata ya taru. Ta biyu awo ne. Akwai sensa mai ƙananan tiyo biyu, ɗaya daga gaban matata, ɗaya daga bayanta, tana auna bambancin matsin da ke tsakani. Kwamfuta ta ɗauki wannan bambanci ta gwada shi da yawan hayaƙin da ke wucewa a wannan lokacin, ta fitar da adadi na biyu. A mota mai lafiya adadin biyu suna tafiya kusa da juna. Idan suka rabu da nisa, ɗaya yana faɗin abin da babu, kuma aikin mai bincike shi ne ya gano wanne.

Abin da nake so a riƙe tun yanzu shi ne, sensar nan ba ta aika wa kwamfuta matsi. Wuta take aikawa. Waya uku gare ta: ɗaya tana kawo volt 5 daga kwamfuta, ɗaya negetif ce, ta uku tana mayar da sigina. A wannan motar sigina tana tsayawa a volt 0.5 idan babu matsi, ta kai 4.5 a miliba 1,000 (miliba ma'aunin matsi ne). Wato volt 4 aka shimfiɗa a kan miliba dubu, kowace miliba ɗaya volt 0.004 ce kacal. Kuskuren volt 0.1, wanda fitila ko hon ba za su ma san an yi shi ba, a wurin wannan sensa miliba 25 ne. Matata mai tsabta kuwa, inji yana silo, ba ta cika kai miliba goma ba.

Karatun farko

Sikana ta fito da lambobin matsala biyu: P2463, kunkunniya ta yi yawa a matata, da P2459, ƙonawa tana yawaita fiye da kima. Babu P2454 ko P2455, waɗanda ke nuna sigina ta faɗi ƙasa warwas ko ta haye sama. Rashinsu ne ya sa garejin farko suka cire wayoyi daga zargi. Amma waɗannan lambobi ba sa fitowa sai wutar sigina ta fita daga iyakar da sensa mai lafiya za ta iya bayarwa, kamar idan waya ta tsinke ko ta taɓa jikin mota. Sigina mai volt 0.7 halattacciya ce a idon kwamfuta. Ba ta da hanyar sanin ko matsi ne ya kai ta nan ko wani abu daban.

Adadin lissafi ya nuna giram 9. Adadin awo ya nuna giram 31. Tazarar da ke tsakanin ƙonawa da ƙonawa, wadda mai motar ya san tana kai ɗaruruwan kilomita, ta dawo ƙasa da ɗari. Matatar da aka wanke kwanan nan, wadda kuma take ƙonawa kusan kullum, ina za ta samo giram 31? Injin da zai tara haka cikin ɗan wannan nisa sai an ga alamarsa a wani wuri: injekta mai zuba, bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji) da ya maƙale a buɗe, tiyon tobo da ya fashe, ko sensar iska da ta gaji. Na duba waɗannan duka, domin su ne sanadin da aka fi samu, kuma bai kamata labarin batir ya sa a tsallake su ba. Gyaran da kwamfuta ke yi wa kowane injekta yana cikin iyaka, matsin tobo yana bin abin da aka nema, iskar da ke shiga tana sauka tana hawa daidai da motsin EGR. Injin ba ya hayaƙin da ya wuce ƙa'ida.

Sai gwajin da kowa ya sani: a murɗa makulli, kada a tayar da inji, a karanta matsi. Ya kamata ya zama sifili, tunda babu hayaƙin da ke wucewa. Ya nuna miliba 4 ƙasa da sifili. Yawancin masu gyara za su wuce wannan, kuma ban ga laifinsu ba, kusan kowace sensa tana ɗan kaucewa. Na rubuta shi na ajiye, saboda sensar sabuwa ce, kuma an ce an saita ta bayan an ɗaura.

Na tayar da inji yana da sanyi. A silo, miliba 3. Na ɗaga shi zuwa juyi 2,500, matsi ya hau sumul, na saki ya sauko sumul. Duk wanda ya tsaya a nan zai rantse babu abin da ke damun motar. Na bar ta tana aiki, sikana tana zana layin matsi, ina duba tiyon sensar ko akwai tsagewa ko toshewa. Rumfar ta yi zafi, yaron da ke taya ni ya shiga mota ya kunna na'urar sanyi. Fanka ta tashi. Ya leƙo ya ce, "Maigida, zo ka ga layin nan." Daga 3 ya yi tsalle zuwa 23 ya tsaya cak. Da inji ya gasu fanka ta koma babban gudu, layin ya sake tsalle zuwa 48. Aka kashe na'urar sanyi, fanka ta tsaya, ya faɗo 3.

Siffar layin ita ce ta fi adadin magana. Matsin hayaƙi yana bin juyin inji da nauyin da ke kansa, yana hawa da gangara, ba ya yin matakala mai kusurwa. Gaskiya ne kunna na'urar sanyi yana ɗora wa inji ɗan nauyi, hayaƙi ya ƙaru kaɗan, amma wannan miliba ɗaya ne ko biyu, ba ashirin ba. Abin da ke tashi a take ya sauka a take, daidai da ƙarar rile, wato makunnin da ke tayar da fanka, wuta ce.

Raba hayaƙi da wuta

Zato ba hujja ba ne, don haka na bi matakan da za su rufe kowace ƙofa. Na jona agogon matsi mai zaman kansa a tiyon gaban matata. Ya nuna miliba 7 a silo, fanka a kashe. Fanka ta tashi, 7. Babban gudu, yana nan wajen 7 zuwa 8. Matata ba ta san ma fanka tana juyawa ba.

Sannan na zare tiyo biyun daga jikin sensa gaba ɗaya, na bar bakunanta a buɗe ga iska. Yanzu ko matatar ta toshe ɗam, sensa ba ta da hanyar sani. Sikana ta nuna 4 ƙasa da sifili. Fanka ta tashi, 16. Babban gudu, 41. Na kunna fitilun gaba, ya ƙara wajen 9. Wannan gwaji ba ya cin minti biyar, ba ya buƙatar kayan aiki ban da sikanar da ke hannu, kuma da an yi shi tun farko da ba a sayi sensa ba, ba a kwance matata ba. Ina ganin duk motar da aka taɓa wa wayoyi sannan ta zo da ƙorafin DPF, da shi ya kamata a fara: a cire tiyo, a kunna duk abin da ke jan wuta ɗaya bayan ɗaya, a sa ido a kan adadin. Gwajin makulli kaɗai bai isa ba, domin ana yin sa ne a lokacin da babu abin da ke jan wuta, wato daidai lokacin da irin wannan ciwo yake kwance.

Don in wanke sensar kanta, na hura mata miliba 100 da famfon hannu mai agogo, komai a kashe. Sigina ta tashi zuwa volt 0.9, daidai lissafi. Sensa lafiya lau. Ina kyautata zaton wadda aka cire ma haka take.

Saura wayoyi, kuma a nan akwai tarkon da ya kama garejin farko, domin sun ce sun auna wutar sensar sun same ta daidai. Na yarda sun auna. Tambayar ita ce, a ina suka ɗora baƙar wayar mita? Idan ka sa ta a kan negetif ɗin soket ɗin sensar, ka sa ja a kan sigina, za ka ga kusan 0.5 ko fanka tana juyawa ko ba ta juyawa. Sensar tana faɗin gaskiya idan an auna ta daga inda take tsaye. Amma kwamfuta ba daga nan take aunawa ba, daga nata negetif ɗin take aunawa. Da na mayar da baƙar waya kan negetif ɗin batir, sai sigina ta nuna 0.50 fanka a kashe, 0.58 a ƙaramin gudu, 0.68 a babba. Na sa jar waya a kan negetif ɗin sensar kanta, wanda ya kamata ya zauna dab da sifili ko me aka kunna: 0.09 a ƙaramin gudu, 0.20 a babba. Negetif ɗin kwamfuta kuwa bai wuce 0.02 ba a kowane hali.

Kamar a auna tsayin yaro ne daga ƙasa alhali yana tsaye a kan bulo. Yaron bai ƙaru ba, abin da yake takawa ne ya tashi.

Lissafin ya zauna daram. Negetif ya tashi da 0.20, don haka wutar da ta rage wa sensa 4.8 ce maimakon 5. Ita kuma tana mayar da kashi ɗaya cikin goma na abin da ta samu idan babu matsi, wato 0.48. A ɗora a kan 0.20, an sami 0.68. Ƙarin 0.18 ke nan a kan na asali, a raba da 0.004, miliba 45. Abin da sikana ta nuna ke nan, daga 4 ƙasa da sifili zuwa 41. Idan lissafin takarda da karatun na'ura suka haɗu haka, an daina laluben duhu.

Abin da ke ƙarƙashin batir

Na cire batir da mazauninsa, na kwance tef. Aikin jonar kansa mai kyau ne, an yi shi da darma, an sa rigar roba, ba aikin gaggawa ba ne. Amma wayoyi uku masu launi ɗaya, ruwan ƙasa, an tattara su a kai guda an ɗaure a noti ɗaya a jikin mota: mai kauri ta fanka, matsakaiciya ta fitilar hagu, da wata siririya. Siririyar ita ce negetif ɗin sensar matsi. Asalinta ba jikin mota take zuwa ba, kai tsaye take komawa cikin kwamfuta. Ɗaya guntun nata, wanda ya fito daga kwamfuta, na same shi a naɗe cikin tef, bai jonu da komai ba. Notin kuma an ɗaure shi a kan sabon fenti, ƙarƙashin fentin akwai sauran cin ruwan batir.

Masu ƙera mota ba don ado suke ba sensa negetif nata na daban ba. Jikin mota hanya ce da wuta mai yawa ke bi, kuma kowace mahaɗa tana da ɗan turjiya. Dokar Ohm ta ce wutar da ke faɗuwa a mahaɗa ita ce yawan abin da ke wucewa a ninka da turjiyar. Fankar nan tana jan wajen amp 20 a babban gudu. Turjiyar om 0.01 kawai ake buƙata a sami volt 0.2. Fanka ba ta damu ba, 0.2 cikin volt 14 ba ya rage mata gudu. Mita ta hannu kuwa ba ta iya ganin om 0.01, wayoyin mitar kansu sun fi haka turjiya, don haka idan ka gwada ko waya tana da hanya zuwa jikin mota, za ta yi ƙara ta ce akwai. Irin wannan mahaɗa ba ta tona kanta sai wuta tana bi ta cikinta. A auna volt ana cikin aiki, kada a auna om ana tsaye.

Wani abu guda ya zo da sauƙi. Da mai gyaran ya haɗa guntun da ya fito daga kwamfuta shi ma a wannan noti, da wutar fanka ta sami hanya ta biyu ta komawa batir, ta cikin siririn layin da ke kan allon kwamfuta. Layin da aka yi domin 'yan miliamp ba ya ɗaukar rabon amp ashirin. Da maganar ta zama ta sayen kwamfuta.

Da aka gano wannan, duk labarin mai motar ya warware da kansa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ciwon ya yi shigar sanannen ciwo. Kowa ya san tuƙin gari yana cika DPF, babbar hanya tana wanke ta. A nan ma haka ya bayyana, amma dalilin daban ne. A cunkoso, na'urar sanyi a kunne, fanka ba ta hutawa, kuma hayaƙin da ke wucewa kaɗan ne, don haka ƙarin miliba 45 a kan ɗan ƙaramin matsi yana kama da matata da ta toshe. A babbar hanya iska tana dukan lagireto da kanta, fanka ta tsaya, karatu ya koma gaskiya, fitila ta mutu. Mai mota ya ɗauka gudun ne ya yi magani.

Mafi muni, ƙonawa da kanta tana tayar da fanka saboda zafin da take haifarwa. Ke nan a daidai lokacin da kwamfuta ke duba ko matsi ya sauka bayan ƙonawa, a lokacin ne karatun ya fi kumbura. Sai ta yanke cewa ƙonawar ba ta yi ba, ta sake neman wata. Ƙonawar dole da aka yi a gareji, mota a tsaye, fanka a babban gudu tun farko har ƙarshe, ba za ta taɓa nuna sakamako mai kyau ba.

Ita kuma miliba 4 ɗin nan ta ƙasa da sifili, ga fassarar da na ba ta. Kwamfutoci da yawa suna duba karatun sensa lokacin da inji yake a kashe, su riƙe shi a matsayin sifilinta. Motar nan ana yawan kashe ta fanka tana ci gaba da juyawa. Duk lokacin da kwamfuta ta ɗauki karatu a wannan hali, sifilin ya ɗan gusa sama, sai ta riƙa cire wannan daga kowane karatu. A wurin ajiyar saitin na ga adadin ya kauce da kusan haka, kuma bayan gyara bai sake kaucewa ba.

Gyara da abin da ya biyo baya

Gyaran kansa gajere ne. Na raba siririyar waya daga sauran, na mayar da ita ga guntunta na kwamfuta bisa zanen wayoyin motar, lambar fil da lambar fil, ban dogara da launi ba. Na kankare wurin notin har farin ƙarfe ya fito, na sa sabon kai a wayar fanka da ta fitila, na ɗaure, sannan na shafa abin hana tsatsa a sama. Faɗuwar wuta a notin ta dawo 0.03 fanka tana babban gudu. Na sake saita sifilin sensa da sikana. Makulli a murɗe, sifili. Silo, miliba 7, daidai da agogo. Fanka, fitilu, hita ta gilashin baya, duk aka kunna, adadin bai motsa ba. Tunda an riga an buɗe damin, na bi sauran jonar ɗaya bayan ɗaya da zane, musamman na sensocin zafin hayaƙi. Su ba a taɓa su ba. Da negetif ɗinsu ya faɗa wannan noti, da kwamfuta ta riƙa ganin zafin da babu, ta rage man ƙonawa, matata ta cika da gaske.

Ban tilasta wata ƙonawa ba. Agogo ya riga ya nuna matatar ba ta da kaya, kuma ta sha zafin da ya ishe ta. Na duba bakin salansa da ɗan yatsa, babu baƙi, alamar yumɓun bai tsage ba. Amma baƙin mai ya biya kuɗin wannan rikici: ya haura alamar sama a sandar gwaji, ya tsinke, yana warin dizal. Wannan ba abin jinkiri ba ne. Man da dizal ya sirka ba ya riƙe metal da tobo, kuma idan ya yi yawa inji yana iya zuƙo shi ta hanyar numfashi ya riƙa ci da kansa, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. Aka yi juye da mai mai ƙarancin toka irin wanda littafin motar ya nema, na rukunin ACEA C. Toka daban take da kunkunniya: daga sinadaran baƙin mai take zuwa, ba ta ƙonewa, tana zama a matata har sai an wanke. Garejin farko sun wanke matatar amma ba su gaya wa kwamfuta ba, adadin tokar da ta riƙe yana nan na kilomita 170,000. Shi ma na gyara shi.

Game da shawarar farke matata, na gaya wa mai motar ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. A 2012 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara, kuma ƙurar da matatar ke tarewa ƙanana ce ainun, tana shiga can cikin huhu. Wanda ke bayan motar a cunkoso shi ke shaƙa. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Ban da wannan duka, a motar nan da an lalata lafiyayyar matata, an bar notin da ke ƙara ruɓewa a ƙarƙashin batir, har ranar da fanka za ta tsaya inji ya tafasa.

Ba kowane gyaran wuta ne ke barin irin wannan sawu ba, kuma yana da amfani a san bambancinsu. Idan an ɗebi wuta daga layin volt 5 don wata na'urar da aka ƙara, sensoci da dama ne za su kauce tare, sau da yawa da lamba irin P0641 ko P0651. Idan an juya tiyo biyun sensa wajen mayarwa, matsi zai riƙa sauka ƙasa da sifili yayin da ake ba da totur. Idan an musanya soket ɗin sensocin zafi biyu masu kama da juna, za ka ga bayan matata yana riga gabanta yin zafi bayan tayarwa da sanyi. Altaneta mai mataccen dayod tana sa layin ya yi rawa, ba matakala ba. Idan kuma an canza kwamfuta ko an sake mata manhaja ba a mayar da adadin toka da kunkunniya ba, karatun matsi zai zama daidai, lissafin ne zai ɓace. Tamu alamarta ita ce matakala mai bin rile.

Mai motar ya so ya koma ya yi faɗa da mai gyaran wutar. Na roƙe shi ya bar ni in yi magana da shi, domin mutumin ya yi aiki da kulawa, abin da ya rasa zanen wayoyi ne, kuma waya uku masu launi ɗaya da ruwan batir ya cinye a wuri ɗaya za su ruɗi mutane da yawa. Da na kira shi na bayyana masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai na gwada ta da mita, ta yi ƙara." Na ce na sani, na gaya masa ya sake gwada irinta fanka tana juyawa, mita a kan volt, baƙar waya a kan batir. Ya tambayi adadin da ya kamata ya gani, na ce a negetif ɗin sensa duk abin da ya haura 0.05 ya bi sawunsa.

Motar ta dawo dubawa bayan ta yi tafiyar gari da ta hanya. Adadin lissafi giram 14, na awo 12, ƙonawa ɗaya ce ta auku a tsakani kuma ta kammala, baƙin mai yana kan alamarsa.